Maki Ɗaya Tak: Abin da Rahotannin Gwajin Tsira Allura Kan Mantuwa Ba Sa Faɗa

A shekarar 2016 wata mujallar likitanci da ake bugawa a Ingila, mai suna Acupuncture in Medicine, ta fitar da wani nazari da jaridu suka yi ta yayatawa. Wasu masu bincike biyu daga birnin Wuhan na ƙasar Sin, Min Deng da Xu-Feng Wang, sun tattaro gwaje-gwaje 5 da aka yi a kan mutum 568 waɗanda mantuwa ta fara taɓawa, suka haɗa sakamakon wuri guda. Abin da ya fito shi ne, waɗanda aka yi wa maganin tsira allura irin na Sinawa, wato akufancha, sun ɗara waɗanda aka bai wa ƙwayar nimodipine da kusan maki 1 a jarrabawar ƙwaƙwalwa mai maki 30. Kanun labarai suka ce allura na iya gyara mantuwa. Can cikin rahoton kuwa, masu binciken da bakinsu sun ja kunne cewa gwaje-gwajen da suka dogara da su ba su da wani inganci na a zo a gani, don haka kada a yi gaggawar yanke hukunci. Sai dai kanun ya yi tafiyarsa, ya bar jan kunnen a gida.

Wannan makin guda ne nake so mu bi sawunsa. Allurar ce ta kawo shi, ko kuwa wani abu ne da ya faru a ɗakin gwajin wanda ba a rubuta ba?

Bari mu fara da ciwon. Kowa ya san gigin tsufa: tsohon da ya daina gane jikokinsa, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Abin da ake magana a nan bai kai can ba. Mutum ne da ke cin kasuwarsa, yana lissafin kuɗinsa, yana wankansa da kansa, amma shi da iyalinsa sun lura ya fara maimaita tambaya, ya ajiye makulli ya rasa inda ya sa, a yi alƙawari da shi jiya yau ya ce bai san zancen ba. In aka gwada shi sai a ga ƙwaƙwalwarsa ta gaza ta sa'o'insa masu irin iliminsa. Likitoci na taƙaita sunan da MCI, ma'ana raunin ƙwaƙwalwa mara tsanani, kuma Ronald Petersen na asibitin Mayo da ke Amurka ne da abokan aikinsa suka fayyace ma'auninsa a 1999. Ƙungiyar likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 2018, ta ce ana samunsa a kashi 6.7 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa 64, ya haura kashi 25 a masu shekara 80 zuwa 84. Cikin waɗanda suka wuce 65 suna ɗauke da shi, kusan kashi 15 cikin 100 kan faɗa gigin tsufa cikin shekara 2.

Wani halin wannan ciwo da ke rikita bincike shi ne ba ya tafiya a miƙe. Wasu su ci gaba da lalacewa, wasu su tsaya cik shekara da shekaru, wasu kuma a sake gwada su a tarar sun koma daidai ba tare da an yi musu komai ba. Dalili kuwa ba abu ɗaya ne ke kawo shi ba. A wani farkon cutar Alzheimer ce, wadda ke kai mutum ga gigin tsufa, a wani jijiyoyin jini ne hawan jini ya ɓata, a wani ƙarancin bitamin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko baƙin ciki mai tsanani, ko rashin barci, ko wani magani da yake sha. Saboda haka duk abin da ka bai wa taron irin waɗannan mutane, ko ruwan randa ne, wasu za su samu sauƙi. Ga shi kuma magungunan asibiti ba su taɓuka abin kirki ba. A babban gwajin da Petersen ya wallafa a 2005, an bi mutum 769 har shekara 3, kuma a ƙarshe donepezil da bitamin E duk ba su rage yawan masu faɗawa cutar Alzheimer ba. Inda babu magani, dole mutane su nemi mafita, kuma a Sin tsira allura na cikin abin da ya fi kusa da hannu.

Yadda ake yi, ana tsira siraran allurai a wasu gurabe na jiki da aka ƙayyade. Don mantuwa an fi zuwa kan Baihui, wanda yake a tsakiyar ka, da gurabe huɗu da ke kewaye da shi da ake kira Sishencong, da Shenting a saman goshi, da Fengchi a ƙeya, wani lokaci a haɗa da na ƙafa kamar Zusanli da Taixi. Mai allurar kan murza ta da yatsa har majinyaci ya ji wani nauyi ko tsami ko yam-yam da suke kira de qi, ko kuma a maƙala mata waya a sakar mata 'yar wutar lantarki.

To ta yaya ake sanin ko wannan yana aiki? Ta gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya maganin, ɗaya kashin a yi masa wani abu daban, sannan a auna. Amma ni da kai ba ma ɗakin lokacin da aka yi. Likitan da zai ba da shawara ma ba ya nan. Abin da ke hannunmu duka bai wuce 'yan shafukan da aka buga a mujalla ba. In shafukan nan ba su faɗi yadda aka yi ba, yarda da sakamakon ya zama cinikin biri a sama.

Don toshe wannan kafa ne editocin mujallu da masana lissafin bincike suka fito da wani kundin ƙa'ida mai suna CONSORT a 1996, wanda ke zayyana abubuwan da ya wajaba kowane rahoton gwaji ya bayyana. An sabunta shi a 2001, sannan a 2010 ya zama mai gaɓa 25, na 2025 kuma yana da 30. Masu tsira allura suka ga cewa nasu aikin yana da ƙarin bayanan da babu su a gwajin ƙwaya, sai Hugh MacPherson da abokan aikinsa suka tsara nasu mai suna STRICTA a 2001, aka gyara shi a 2010 ya zama reshen CONSORT, da manyan gaɓoɓi 6 da suka rarrabu zuwa 17. A 2011 wasu masu bincike na Sin suka ɗauki waɗannan ma'aunai biyu suka auna rahotanni 14 na gwajin tsira allura kan raunin ƙwaƙwalwa, suka buga a mujallar PLoS ONE. Hukuncinsu shi ne ingancin rahotannin daga matsakaici ne zuwa ƙasa. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya, duk da gwaje-gwajen sun ƙaru, kukan da suke yi bai canza sosai ba.

Gurbin farko da aka fi bari shi ne na ƙuri'ar kanta. Sau da yawa jimla ɗaya ce tak za ka tarar: an raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Wace irin ƙuri'a? Kwamfuta ce ta fitar da lambobin? Wa ya riƙe jerin? Shiru. Mai karatu zai ce ai wannan neman magana ne, tunda sun ce sun yi, sun yi ke nan. Wu Taixiang na asibitin West China da ke birnin Chengdu bai tsaya a zato ba. Shi da tawagarsa sun zaƙulo rahotanni 3,137 daga mujallun Sin da suka ce an yi rabon ƙuri'a, suka ɗauki waya suka dinga kiran marubutan suna tambayarsu yadda suka yi. Sun samu magana da marubutan rahotanni 2,235. A sakamakon da suka buga a 2009, guda 207 kacal ne suka yi rabon yadda ya dace. Ko ɗaya cikin goma ba su cika ba. Ba lalle sauran maƙaryata ne ba. Da yawa ba su fahimci abin da kalmar ke nufi ba ne, suna ganin in ka sa wanda ya zo yau a wannan kashi, na gobe a wancan, ko ka bi lambar kati, ai ka yi ƙuri'a. Ya kamata a lura cewa binciken Wu ya haɗa da magungunan asibiti na zamani, ba na gargajiya kaɗai ba, kuma ɗan ƙasa ne ya yi shi don gyaran gida. Amma bayan wannan, duk wanda ya ga kalmar ƙuri'a tsirara babu bayani yana da hujjar ɗaga gira.

Ko an yi ƙuri'ar da kyau, akwai saura: ɓoye ta. A ce likita ya san cewa wanda zai shigo yanzu kashin allura zai faɗa. Sai ga wata tsohuwa ta shigo, da ƙyar take tafiya, babu mai rako ta, gidanta da nisa. Zuciyarsa ta ce wannan ba za ta iya zuwa sau 4 a mako ba. Sai ya ce ta ɗan jira, ko ya ga ba ta cika sharaɗi ba. Na bayanta, tsohon malamin makaranta mai kuzari da 'yarsa ta kawo a mota, shi ne ya samu gurbin. Likitan bai yi niyyar ha'inci ba, tausayi ne ma. Amma in aka maimaita haka sau ashirin, kashin allura ya cika da masu ƙarfi da gata, kuma ko ba a tsira musu komai ba za su fi ɗaya kashin cin jarrabawa. Shi ya sa ake sa rabon a ambulan mai kauri, a liƙe, a sa lamba, ko a bar shi a hannun wani ofishi na daban da sai an rubuta sunan majinyaci kafin a faɗi kashinsa. Kenneth Schulz ya tattara labaran yadda ma'aikata ke zagaye wannan, har da masu ɗaga ambulan su kara a fitila, in ta ƙi nunawa su kai ta ɗakin hoto inda haske ya fi ƙarfi. A 1995 shi da abokan aikinsa suka nazarci gwaje-gwaje 250, suka gano cewa waɗanda ba su ɓoye rabo da kyau ba sun zuzuta amfanin magani da kusan kashi 41 cikin 100, waɗanda kuma ba su faɗi yadda suka yi ba da kusan kashi 30. Wato shirun kansa alama ce. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu koma kan makin nan guda, mu duba abin da aka kwatanta da me. A huɗu daga cikin gwaje-gwaje 5 da Deng da Wang suka haɗa, an yi allurar sau 3 zuwa 5 a mako har mako 8. Yi lissafi: zuwa 24 zuwa 40 ke nan. Sau 24 zuwa 40 tsoho zai yi wanka, ya shirya, ya fito daga gida, ya hau mota, ya gaisa da mutane, ma'aikaci ya tambaye shi ya jiki, ya taɓa kansa, ya zauna da shi. Ɗan uwansa na ɗaya kashin kuwa an miƙa masa ƙwaya ne ya tafi gida ya haɗiya. Duk wanda ya taɓa zama da tsoho ya san bambancin ranar da ya yini shi kaɗai a ɗaki da ranar da baƙi suka zo aka yi hira. Fita da motsa jiki da cuɗanya da jama'a suna cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna taimakon ƙwaƙwalwa, har ƙa'idar 2018 ɗin nan motsa jiki sau 2 a mako ta ba da shawara. To in kashin allura ya ɗara da maki 1, ta yaya za a raba rabon allura da rabon fitar? Ita kuma nimodipine, magani ne da aka amince da shi don wani nau'in zubar jini a ƙwaƙwalwa, ba a tabbatar tana gyara raunin ƙwaƙwalwa mara tsanani ba. Ka kayar da wanda ba a san ƙarfinsa ba, ba za a ɗaura maka kambu ba.

Hanyar raba gardamar ita ce allurar bogi. A 1998 Konrad Streitberger na Jamus ya ƙera wata allura mai dakusasshen baki da ke komawa cikin mariƙinta kamar wuƙar 'yan wasan kwaikwayo, majinyaci ya ji tsini amma ba ta huda fata. Abin da irin waɗannan gwaje-gwaje suka nuna a wasu cututtuka ya isa a yi hattara. A Jamus an gwada mutum 1,162 masu ciwon baya, aka buga a 2007. Bayan wata 6, kashi 47.6 cikin 100 na masu allurar gaske sun samu sauƙi, masu kulawar asibiti da aka saba kuma kashi 27.4. Da a nan aka tsaya da an buga ganga. Sai dai akwai kashi na uku da aka tsira wa allura sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, kuma su ma kashi 44.2 sun samu sauƙi. A Amurka kuma, a gwajin mutum 638 da aka buga a 2009, tsinken sakace aka sa a cikin ɗan bututu ana dangwala wa mutane a baya ba tare da huda ba, kuma sauƙin da suka samu bai gaza na masu allurar gaske ba. Masu goyon bayan tsira allura suna da amsa, suna cewa ita ma ta bogin tana taɓa jijiyar fata, don haka ba holoƙo ba ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma hakan ƙarin dalili ne na a bayyana filla-filla abin da aka yi wa kashin kwatance, wanda shi ne gaɓa ta 6 a STRICTA, kuma a gwajin mantuwa allurar bogin ma ba kasafai ake amfani da ita ba.

Mai tsira allura ba yadda za a yi a ɓoye masa abin da yake yi, wannan kowa ya yarda. Amma mai yin jarrabawar fa? Nan ne na fi jin takaici in rahoto ya yi shiru, don ɓoye masa ba ya cin ko sisi. Ka duba yadda jarrabawar take. MMSE, wato jarrabawar nan mai maki 30, wadda Folstein ya fito da ita a 1975, tambayoyi ne na baki da takarda: yau wace rana, muna wane gari, maimaita kalmomi 3 sannan ka tuno su an jima, cire 7 daga 100 ka ci gaba da cirewa, ninke takarda, kwafi wani zane. MoCA, wadda Ziad Nasreddine ya tsara a Montreal aka wallafa a 2005, ta fi tsauri: a zana agogo yana nuna sha ɗaya da minti goma, a faɗi sunan dabbobi 3 da ke hoto, zaki da karkanda da raƙumi, a tuno kalmomi 5. A ce tsoho ya zana agogon, hannun minti ya ɗan karkace. A ba shi makin ko a hana? A ce ya tsaya yana lalubo kalma ta huɗu. Daƙiƙa nawa za a jira shi? In mai jarrabawar ya san wannan tsohon namu ne, na kashin allura, wanda ya yi mako 8 yana ganinsa, zai ɗan ƙara jira, zai ɗan gyaɗa kai, ba tare da ya san ya yi ba. Maki 1 ke nan ya samu.

Akwai kuma sabo. Tambayoyin da aka yi wa mutum a farko su za a sake yi masa bayan wata 2, kuma an san cewa maimaita irin wannan jarrabawa kaɗai na ɗaga maki. Sannan MMSE ba a yi ta don irin waɗannan mutane ba, da yawansu tun farko suna cin maki mai yawa, babu sararin da za a ga canji na gaske. Ilimi ma yana shiga: MoCA na ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, a ƙauyen Sin take ko a ƙauyen Katsina, za ta kasa zana agogo ba don ƙwaƙwalwarta ta taɓu ba. Rahoton da bai nuna zurfin karatun mutanen kowane kashi ba ya bar mai karatu a duhu. Ga wani ma'auni da ya yawaita a mujallun Sin, wanda ake kira jimillar waɗanda magani ya yi wa aiki. Ana kasa mutane zuwa wanda ya warke, wanda ya samu sauƙi sosai, wanda ya ɗan samu sauƙi, da wanda bai samu ba, sai a tara ukun farko a ba da kaso mai tsoka. Inda aka ja layi tsakanin ɗan sauƙi da babu sauƙi, kowane mai bincike da nasa mudun.

Mako 8 ɗin ma abin dubawa ne. Abin da iyali ke tsoro shi ne kada baba ya kai ga daina gane su, kuma wannan tafiya ce ta shekaru. Gwajin wata 2 ko 3 da aka rufe ranar da aka zare allurar ƙarshe ba shi da ta cewa a kan haka.

Mu dawo kan STRICTA. A wurinmu in aka ce an yi wa wane ƙaho, mai hankali zai tambaya a ina, ƙaho nawa, an tsaga ko ba a tsaga ba, wane wanzami. Ƙaho daban, tsira allura daban, amma tambayoyin 'yan gida ɗaya ne. STRICTA na so a faɗi dalilin zaɓen salon da aka bi, allura nawa aka tsira a kowane zama, sunayen gurabe, zurfin da aka kai, ko an nemi de qi, da hannu aka motsa ko da lantarki, minti nawa aka bar ta, kauri da tsawonta, zama nawa, me aka haɗa da shi, me aka gaya wa majinyaci, da kuma wanene mai allurar da shekarun da ya yi yana aiki. A bisa adalci, rahotannin kan yi ƙoƙari wajen sunayen gurabe da yawan zama. Inda suka fi yin shiru shi ne kan mai allurar da kuma abin da aka faɗa wa marasa lafiya. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, don tsohon da farfesa ya ce masa wannan maganin kakanninmu ne mai buɗe ƙwaƙwalwa ba zai shiga jarrabawa da zuciya ɗaya da wanda aka ce masa gwaji kawai ake yi ba.

Sunan gurbi kansa bai wadatar ba a da. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna daidaita gurabe 361, wanda ta wallafa a 2008, an tarar Sin da Japan da Koriya sun saɓa kan wurin guda 92. Abin sha'awa, magabatan wannan sana'a ba su wasa da daidaito. A 1027, zamanin daular Song, Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ramuka a kan gurabe. An ruwaito cewa akan shafe shi da kakin zuma a cika shi da ruwa, ɗalibi ya tsira allura, in ya dace ruwa ya tsarto, in ya kuskure ya faɗi jarrabawa. Neman a rubuta ainihin inda aka tsira da zurfinsa ba baƙon abu ne da Turawa suka ɗora wa sana'ar ba.

Sai batun waɗanda suka gudu. Gwajin da ke buƙatar tsoho mai mantuwa ya zo asibiti sau 30 ko 40, da wuya a ce ba wanda ya fasa. Amma za ka ga rahoto ya fara da 30 da 30, ya ƙare da 30 da 30, ba tare da kalma ɗaya kan ko wani ya daina zuwa ba. Ko dai an yi sa'a ta ban mamaki, ko an cire waɗanda suka fasa daga lissafi. Waɗanda suka fi saurin fasawa kuwa su ne waɗanda jiki ya ƙi, ko suka ga ba sa samun sauƙi. Haka batun illa. A hannun ƙwararre mai allura tsaftatacciya da ake yarwa bayan amfani ɗaya, tsira allura ba ta cika yin mummunar illa ba, galibi ɗan jini ne ko taruwar jini a ƙarƙashin fata ko jiri ko suma. Amma an sha samun hudawar huhu da kamuwa da cuta ta allura mara tsafta, kuma tsofaffi da yawa na shan maganin tsinka jini. Rahoton da bai ambaci illa ba, bai ce babu ba, bai dai faɗa ba ne.

Duk wannan a kan gwaje-gwajen da suka ga hasken rana ne. A 1998 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka duba daga wace ƙasa sakamako ke fitowa, suka tarar duk gwajin tsira allura da suka samu daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan, ba togiya, cewa ya yi maganin ya yi aiki. Da suka duba wasu magungunan da ba allura ba, kashi 99 cikin 100 na gwaje-gwajen Sin nasara suka bayyana, na Ingila kashi 75. Babu maganin da ke cin kowane gwaji, ko da na gaske ne. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne waɗanda ba su yi nasara ba suna kwance a durowa. Maganin wannan shi ne rajista: kafin a ɗauki majinyaci na farko a rubuta a bainar jama'a abin da za a gwada da ma'aunin da za a bi. Manyan editocin mujallun likitanci sun wajabta hakan daga 2005, kuma a shekarar ce aka kafa rajistar gwaje-gwaje ta Sin a Chengdu, da hannun Wu Taixiang ɗin nan mai buga waya. Rajista na hana mutum ya auna abu 6 sannan ya ba da labarin guda ɗayan da ya yi kyau.

Ba na so a fahimce ni a baibai. Mummunan rahoto ba ya nufin lalle an yi mummunan gwaji, don wasu mujallun shafi 2 ko 3 kawai suke bai wa marubuci, dole ya datse. Kuma cika gurabe ba ya mai da gwaji nagari. Mutum na iya rubuta dalla-dalla cewa bai ɓoye rabo ba, bai yi amfani da allurar bogi ba, ya ci makin CONSORT a kan faɗin gaskiya, gwajin kuma yana nan da rauninsa. Akwai ma wanda zai haddace kalmomin da editoci ke son gani ya zuba su ba tare da ya aikata ba. A 'yan shekarun nan manyan jami'o'in Sin da Koriya sun fara fitar da gwaje-gwajen tsira allura masu rajista, masu allurar bogi, a asibitoci da yawa lokaci guda, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai idan aka zo haɗa sakamako, akan zuba nagari da mara kyau a ƙwarya ɗaya, sai lambar da ta fito ta yi kama da tabbas alhali algus ya shiga.

Mu da ke nesa, abin da ke iso mu ba rahoton ba ne, gutsurensa ne a WhatsApp ko Facebook, da taken bincike ya tabbatar, wani lokaci tare da lambar wayar mai asibitin da ke yin allurar. Matsayin da hujja ta kai a yau shi ne ba a tabbatar tsira allura na hana gigin tsufa ba, ba a kuma tabbatar ba ta yin komai ba. Wanda mahaifinsa ya fara maimaita tambaya, abin da ke da tushe shi ne a kai shi a auna hawan jini da sukari, a duba bitamin B12 da maƙoƙo, a gwada jinsa da ganinsa, a tambayi barcinsa da halin zuciyarsa, a kwashi duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a zuba a leda a kai wa likita ya gani.